Tunatarwa: Ƙasa Na Nan, Masu Ƙasa Na Wucewa

Tsakanin Kogin Jodan da Bahar Rum akwai wata 'yar ƙasa wadda faɗinta duka bai wuce murabba'in kilomita 27,000 ba. Jihar Kaduna kaɗai ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Mai mota, in da babu shingayen sojoji, zai ratsa ta daga gabas zuwa yamma tsakanin azahar da la'asar. Amma a kan wannan 'yar ƙasar an zubar da jini, an kwarara hawaye, an rubuta yarjejeniya an yayyaga, shekara fiye da ɗari ana abu ɗaya.

Al'umma biyu ke zaune a cikinta yau, kusan rabi da rabi, kowacce tana cewa tata ce. Bayahude zai ce maka nan kakanninsa suka yi mulki zamanin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, nan ɗakin ibadarsu ya tsaya kafin Rumawa su rushe shi a shekara ta 70 miladiyya, kuma tun da aka kashe masa 'yan'uwa miliyan 6 a Turai zamanin Hitila, ba shi da wata mafakar da ya amince da ita. Bafalasɗine zai ce maka shi bai zo daga ko'ina ba. Nan aka binne cibiyarsa, nan kakan kakansa ya dasa zaitun, ga takardar gona tun ta zamanin Turkawa, ga mabuɗin gidan da aka fitar da mahaifinsa a 1948, kuma ba shi ya kashe kowa a Turai ba, balle a biya diyya da gidansa.

Masana tarihi da na shari'a sun daɗe suna auna waɗannan hujjoji, kuma za su ci gaba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Akwai mai da'awa na uku a wannan rigima, wanda ba a taɓa gayyatarsa zaman sulhu ba, ba shi da tuta, ba shi da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma duk wanda ya taɓa buga ƙirji ya ce ƙasar tasa ce, a hannunsa ya ƙare. Mutuwa nake nufi.

Sarki goma, zamani goma

A ɗauki birnin Ƙudus kaɗai a ƙirga waɗanda suka riƙe shi. Bukhtanasar na Babila ya ƙone shi kimanin shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kwashi mutanensa bayi. Farisawa suka zo suka kawar da Babila. Iskandar na Girka ya kawar da Farisawa, shi kuma ajali ya cim masa yana ɗan shekara 32. Rumawa suka rushe birnin, suka sake gina shi, suka canja masa suna, suka hana Yahudawa shiga. A nasu lissafin magana ta ƙare kenan.

Wajajen shekara ta 638 Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi ya karɓi birnin ta hanyar sulhu. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina Ƙubbatus Sakhra, aka kammala ta wajajen 691. A 1099 mayaƙan salibi daga Turai suka faɗa wa birnin, suka karkashe Musulmi da Yahudawan da ke ciki, suka kafa sarautar da suke zaton ta Allah ce har abada. Shekara 88 ta yi a Ƙudus. A 1187 Salahuddin Al-Ayyubi ya karɓe birnin, bai rama kisan kiyashin da aka yi ba. Bayan shekara shida ya rasu a Dimashƙa, kuma marubuta tarihinsa sun ce abin da aka tarar a ma'ajinsa bai isa hidimar jana'izarsa ba. Mamalik na Masar suka yi nasu zamanin. Turkawan Usmaniyya suka riƙe birnin daga 1517 zuwa 1917, shekara 400 cif. Ganuwar da Sarki Sulaimanu Al-Ƙanuni ya gina tana tsaye har yau, daular kuwa sai a littafi. A Disambar 1917 Janar Allenby na Birtaniya ya shiga birnin da ƙafa. Shekara 30 suka yi, a Mayun 1948 suka naɗe tutarsu suka hau jirgin ruwa, suka bar wuta na ci a baya.

A gindin Dutsen Zaitun, cikin lambun da Kiristoci ke ziyarta mai suna Gatsemani, akwai wasu tsofaffin itatuwan zaitun. A 2012 masana daga Italiya suka auna uku daga ciki, suka tarar sun kai kimanin shekara 900. Tun zamanin mayaƙan salibi suke wurin. Salahuddin ya zo ya same su ya bar su, Turkawa haka, Ingilishi haka. Itacen da ba ya magana, ba ya riƙe takobi, ya binne dauloli huɗu yana nan yana 'ya'ya. Ɗan Adam kuwa, in ya yi tsawon rai ƙwarai, tamanin ce ko casa'in, rabinta ma a barci da ƙuruciya da ciwon tsufa.

Filin da Annabi Ibrahim ya saya

Kimanin kilomita 30 kudu da Ƙudus akwai birnin Al-Khalil, wanda Yahudawa ke kira Hebron. A tsakiyarsa akwai wani gini na manyan duwatsu da ya haura shekara 2,000. Musulmi da Yahudawa da Kiristoci sun tafi a kan cewa a kogon da ke ƙarƙashinsa Annabi Ibrahim yake kwance, da matarsa Saratu, da Annabi Ishaƙu, da Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare su.

Yadda Attaurar da ke hannun Yahudawa ta ba da labarin wurin abin tsayawa ne a yi tunani. Ta ce da Saratu ta rasu, Annabi Ibrahim ba shi da inda zai sa ta. Mutumin da kowane ɓangare ke kafa hujja da shi yau, mutumin da aka ce an yi wa alkawarin ƙasar, sai ya tsaya gaban mutanen garin a matsayin baƙo yana neman a sayar masa da wuri. An yi masa tayin kyauta ya ƙi. Ya auna azurfa shekel 400 ya biya mai filin a gaban shaidu. Bai kafa hujja da alkawari ya ƙwace ba, bai jira dare ya kafa shinge ba. Filin da aka ba da labarin ya saya da kuɗinsa a wannan ƙasa maƙabarta ce. Littafin ya ƙara da cewa da shi ma ya cika, 'ya'yansa biyu, Isma'ila da Ishaƙu, tare suka sa shi a kabari.

Sai a dubi abin da masu jingina kansu gare shi suka yi a bakin wannan kabari. A Agustan 1929 tarzoma ta tashi a Al-Khalil, aka kashe Yahudawa 67, cikinsu da mata da yara da ɗaliban addini. Wasu iyalan Larabawa kuwa suka ɓoye maƙwabtansu Yahudawa a ɗakunansu, suka tserar da ɗaruruwa. A ranar 25 ga Fabrairun 1994, cikin watan azumi, ana tsakiyar sallar asuba, wani likita ɗan kama-wuri-zauna mai suna Baruk Goldstein ya shiga masallacin da bindiga, ya buɗe wa masu sujada wuta ta baya, ya kashe mutum 29, ya raunata fiye da 100. Bayan haka hukumomin Isra'ila suka raba ginin biyu, gefe masallaci, gefe wurin ibadar Yahudawa, suka rufe babban titin kasuwar tsohon gari ga Falasɗinawa. Mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa su ne kuma aka rufe wa shaguna. Yau Musulmi na leƙen hubbaren Annabi Ibrahim ta wata taga, Bayahude na leƙensa ta wata, gilashin da harsashi ba ya fasawa a tsakani, soja a ƙofa.

Matattun ma ba su tsira ba. A Ƙudus maƙabartar Yahudawa ta Dutsen Zaitun tana kallon maƙabartar Musulmi ta Babur Rahma, inda sahabbai biyu, Ubada ɗan Samit da Shaddad ɗan Aus, suke kwance. Kwari ɗaya ne ya raba su. Tsakanin 1948 da 1967, lokacin da Jodan ke riƙe da gabashin birnin, an farfasa duwatsun kaburbura masu yawa a Dutsen Zaitun. A yammacin birnin kuma an gina gidan tarihi a kan wani sashe na tsohuwar maƙabartar Musulmi ta Mamilla, bayan an tone ƙasusuwa. Waɗanda ke ƙarƙashin ƙasar sun daina gardama tuntuni. Kowannensu ya karɓi rabonsa, kamu huɗu a tsaye, bai nemi ƙari ba.

Ina waɗanda suka ja layi a taswira?

Theodor Herzl, ɗan jaridar da ya tara taron farko na masu neman kafa ƙasar Yahudawa a birnin Basel a 1897, ya mutu a 1904 yana da shekara 44. Arthur Balfour na Birtaniya, wanda ya sa hannu a wasiƙar 2 ga Nuwamban 1917, ya yi wa wata al'umma alkawarin ƙasar da wata al'ummar ke zaune a ciki, ya mutu a 1930 bai ga ɗiyan abin da ya shuka ba. Folke Bernadotte, ɗan Suwidin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko sulhu, 'yan bindigar Yahudawa suka harbe shi a Ƙudus a Satumbar 1948. Sarki Abdullahi na farko na Jodan, Bafalasɗine ya harbe shi a ƙofar Masallacin Al-Aƙsa ran Juma'a, a Yulin 1951, a gaban jikansa Husaini. Dauda Ben-Gurion, wanda ya karanta sanarwar kafa Isra'ila ran 14 ga Mayun 1948, ya mutu a 1973, aka binne shi a hamadar Nageb.

Shugaban Masar Anwar Sadat ya yi yaƙi a 1973, ya je Ƙudus a 1977, ya yi sulhu a 1979, ya dawo wa Masar da Sina'i. Ran 6 ga Oktoban 1981 sojojinsa suka harbe shi yana kallon fareti. Yitzhak Rabin shi ne babban hafsan da ya jagoranci sojojin Isra'ila da suka mamaye Gaɓar Yamma ta Kogin Jodan da Gaza da gabashin Ƙudus cikin kwana shida a Yunin 1967. Ran 13 ga Satumbar 1993, yana firayim minista, ya miƙa wa jagoran Falasɗinawa Yasir Arafat hannu a fadar shugaban Amurka. Bayan shekara biyu, ran 4 ga Nuwamban 1995, wani saurayi Bayahude ya harbe shi a Tel Abib don ya hana a mayar da ƙasa.

Arafat ya yi rayuwarsa kaf yana kiran sunan Ƙudus, burinsa a binne shi a can. Ya rasu a wani asibitin soja kusa da Faris ran 11 ga Nuwamban 2004. Isra'ila ta hana a kai gawarsa Ƙudus. Aka binne shi a Ramalla, aka ɗebo ƙasa daga harabar Al-Aƙsa aka zuba a kabarinsa. Abin da ya samu daga birnin da ya nema kenan.

Ariel Sharon, wanda ya hana, shi ne firayim minista a lokacin. Soja ne da ake tsoro, kuma babu wanda ya kai shi tsayawa wajen dasa ƙauyukan 'yan kama-wuri-zauna a kan tuddan Gaɓar Yamma. A Janairun 2006, wata goma sha huɗu bayan rasuwar Arafat, jini ya fashe a ƙwaƙwalwarsa yana kan ganiyar mulki. Shekara takwas ya yi kwance bai san inda kansa yake ba, ana juya shi, ana ciyar da shi ta bututu, har ya mutu a 2014. Mutumin da ke raba tuddai da kwaruruka, faɗin gado ɗaya ya ishe shi. Isma'il Haniya kuma, jagoran Hamas, haifaffen sansanin 'yan gudun hijira a Gaza, an kashe shi a Tehran a Yulin 2024, aka binne shi a Ƙatar.

Ban jera waɗannan sunaye don in ce duk ɗaya suke ba. A cikinsu akwai wanda ya ƙwata, akwai wanda aka ƙwace wa, akwai wanda ya zo raba faɗa. Hukuncin kowannensu yana ga Wanda ba a ɓoye masa komai. Abin da ya haɗa su shi ne babu wanda ya ga ƙarshen maganar, kuma babu wanda ya tafi da taƙi ɗaya na ƙasar. Masu riƙe da ragamar yau ma ba yara ba ne: an haifi Mahmud Abbas a 1935, Benjamin Netanyahu a 1949. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mabuɗan da suka fi masu su daɗewa

A yaƙin 1948 Falasɗinawa fiye da 700,000 aka kora ko suka gudu daga gidajensu, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai. Wannan shi suke kira Nakba. Da yawa sun kulle ƙofa sun sa mabuɗi a aljihu, a zatonsu tafiyar mako biyu ce. A Disambar wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 194, cewa a bar masu son komawa su zauna lafiya su koma. Har yau takarda ce.

Yaron da ya bar Yafa ko Haifa ko Safad a 1948 yana ɗan shekara goma, in yana raye ya doshi casa'in. Mafi yawan waɗanda suka fita da ƙafarsu sun riga mu gidan gaskiya. Sun mutu a Ainul Hilwa da Shatila a Labanon, a Baƙa'a a Jodan, a Jabaliya a Gaza, a cikin sansanonin da aka fara da tanti aka ƙare da bulo. Tsoho zai kira ɗansa a gadon ajali ya damƙa masa mabuɗin ƙofar da aka rushe tun kafin a haifi ɗan. Hukumar da ke kula da su tana da rajistar mutum kusan miliyan 6 a yau. A wancan gefen ma akwai dubban ɗaruruwan Yahudawan Bagadaza da Alƙahira da San'a'a da suka bar garuruwan da kakanninsu suka yi ƙarnuka a ciki, wasu da son ransu, wasu bisa tilas, kuma yawancinsu sun mutu ba su sake ganin unguwar da aka haife su ba.

Ƙasa tana da lokacin jira, mutum ba shi da shi. Duk shekarar da manya suka ɗage maganar adalci zuwa wani taro, wasu dubbai ne za su mutu da hakkinsu a wuyan wani.

Mutuwa ba ta yafe bashi

Wani zai ce: to in haka ne, tun da kowa mutuwa zai yi, wanda aka ƙwace wa gida ya haƙura mana, me ya yi zafi? Wannan juya tunatarwa ne a kan kanta. Ba a tuna wa mutane mutuwa don mai hakki ya saki hakkinsa. Ana tuna ta ne don wanda ya riƙe na wani ya san ranar tsayuwa ta kusa.

Gaskiyar da ke ƙasa ba ɓoyayya ba ce. Tun 1967 Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus suke ƙarƙashin mamaya. 'Yan kama-wuri-zauna fiye da 700,000 ke zaune a can yanzu, ana rushe gidaje, ana sare zaitun, ana tare manomi tsakaninsa da gonarsa. A ranar 19 ga Yulin 2024 Kotun Duniya da ke Heg ta bayyana ra'ayinta cewa ci gaba da wannan mamaya ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, kuma wajibi ne a kawo ƙarshenta. Kotun ba ta da 'yan sandan da za su zartar. Amma akwai kotun da ba ta buƙatar 'yan sanda, kuma mai kai sammacinta bai taɓa ɓatan hanya ba.

Addinan ɓangarorin biyu sun haɗu a nan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci, cewa za a rataya masa nauyinta har ƙasa bakwai ranar alƙiyama. Attaura ta hana sayar da ƙasa sayarwa ta har abada, bisa dalilin cewa ƙasar ta Allah ce, mutane baƙi ne a kanta. Littattafan Bani Isra'ila kuma sun adana labarin Sarki Ahab, wanda ya yi sha'awar garkar inabin wani talaka mai suna Nabot a kwarin Yezreyel. Talakan ya ƙi sayarwa saboda gadon kakanninsa ce. Aka ƙulla masa shaidar zur aka kashe shi, sarki ya shiga garkar. Yana cikinta Annabi Iliyasu ya same shi da saƙon halaka. A cikin wannan ƙasar da ake rigima a kai abin ya faru, kuma sarkin Bani Isra'ila ne aka yi wa hukuncin. Alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi.

Tarihi ya adana wa masu ƙarfi wani misalin na daban. Da Sayyadina Umar ya shiga Ƙudus, lokacin salla ya same shi a babbar majami'ar Kiristoci, limaminsu ya ce ya yi sallarsa a ciki. Ya ƙi, ya fita waje ya yi, don gudun kada Musulmin da za su zo bayansa su ce Umar ya yi salla a nan, su mai da ita masallaci. Yana da rundunar da za ta ba shi duk abin da ya nuna, amma lissafinsa ya tafi ga abin da zai faru bayan ransa. Majami'ar tana nan a hannun masu ita har yau. Wanda ya san zai mutu, in ya sami iko, haka yake riƙe shi.

Jinin da ba a musanya shi da fili

Ran 7 ga Oktoban 2023 mayaƙan Hamas suka tsallaka shingen Gaza. An kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila, yawancinsu fararen hula, aka tafi da kimanin 250. Abin da ya biyo baya duniya ta gani da idonta. Zirin Gaza murabba'in kilomita 365 ne kacal, mutum fiye da miliyan 2 ke cikinsa, kusan rabinsu yara. Kafin ƙarshen Yulin 2025 ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga gawa fiye da 60,000, ban da waɗanda ke ƙarƙashin baraguzai. An rushe unguwanni ɗungurungum, an binne mutane a harabar asibiti, iyaye sun riƙa rubuta sunan 'ya'yansu a hannu da ƙafa don a gane gawarsu. A Satumbar 2024 ma'aikatar ta fitar da jerin sunayen mamata sama da 34,000 bisa shekarunsu. Shafuka 14 na farko duk jarirai ne da ba su cika shekara ɗaya ba.

Muna cewa rayuwa gajeriya ce muna nufin saba'in ko tamanin. Waɗannan ko yaye ba a yi musu ba. Ba su san Balfour ba, ba su san ƙuduri mai lamba kaza ba, ba su taɓa cewa ƙasar tasu ce ba. Jaririn da aka ciro daga ƙarƙashin gini a Khan Yunus da wanda aka kashe a ɗakin iyayensa a ƙauyen Isra'ila, babu wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi. Yawan da aka kashe ba ɗaya ba ne, ƙarfin ɓangarorin ma ba ɗaya ba ne, kuma faɗin haka wajibi ne. Amma haramcin jinin yaro ɗaya ne ko a wane gida. Wanda ya kashe shi zai tsaya a tambaye shi, kuma babu taswirar da za ta zame masa amsa.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan su ne waɗanda suka binne nasu. Dakta Izzuddin Abul Aish, likitan mata ɗan Jabaliya wanda ya yi aiki a asibitocin Isra'ila, tankar yaƙi ta harbi gidansa a Janairun 2009, ta kashe masa 'ya'ya mata uku da 'yar ɗan'uwansa. Ya bi hakkinsu har kotun ƙolin Isra'ila bai samu ba, bai fasa neman hakkin ba, bai kuma yarda ƙiyayya ta cinye sauran ransa ba. Tun 1995 akwai ƙungiyar iyalai, Falasɗinawa da Isra'ilawa ɗaruruwa, da babu abin da ke ba mutum damar shiga cikinta sai rashin ɗa ko uba ko ɗan'uwa a wannan rikici. Suna zama tare, suna shiga makarantu tare, suna roƙon kada wani ya ƙara cika sharaɗin shiga cikinsu. Abin da kabari ya koya musu da tsada, mu ana ba mu shi kyauta, in za mu karɓa.

Namu rabon

Ƙudus ba baƙon wuri ba ne gare mu. Alƙiblar farko ce ga Musulminmu, wurin ziyara ne ga Kiristocinmu. A tsohon birnin, daf da ɗaya daga ƙofofin Al-Aƙsa, akwai unguwar Falasɗinawa baƙaƙen fata waɗanda kakanninsu suka fito daga Chadi da Najeriya da Sudan da Senegal, cikinsu har da Hausawa. Yawanci aikin hajji ya fito da su, suka zarce ziyara, suka zauna, suka hayayyafa, aka binne su a can. Babu wanda ya san ƙasar da za ta karɓi gawarsa.

Saboda haka mu ci gaba da addu'a ga waɗanda aka zalunta, mu taimaka da abin da muke iyawa ta hanyar da muka tabbatar tana isa, mu faɗi gaskiya a kan mamaya ba tare da tsoro ba. Mu kuma tsare harshenmu da yatsunmu. Kada zafin abin da muke gani a waya ya kai mu ga murna da mutuwar wanda bai ji ba bai gani ba, ko tsine wa al'umma sukutum, ko yaɗa labarin da ba mu tantance ba. Wannan ma rubutawa ake yi.

Sannan kowa ya waiwayi gidansa. Ba daidai ba ne mu yi kuka a kan gonar da aka ƙwace a Gaɓar Yamma alhali iyakar gonar maƙwabci muna matsar da ita kowace damina. Akwai mai riƙe da gadon ƙannensa mata shekara da shekaru yana cewa sai an zauna. Akwai filin marayu da aka sayar sau biyu. Akwai 'yan uwa ɗaya uba ɗaya da ba sa gaisawa saboda kango, akwai burtalin da aka noma da gonar da aka cinye da gangan, har aka kai ga zubar da jini. Wanda yake da irin wannan a wuyansa ya mayar tun yana iya sa hannu da kansa, tun bakinsa na iya neman gafara. Magada ba za su mayar masa ba. Su rabawa za su yi, shi kuma ya amsa tambaya.

Allah Ka jiƙan waɗanda aka kashe ba da hakki ba, Ka ba iyayensu haƙurin da babu mai ba da shi sai Kai. Ka mayar da korarre gidansa, Ka ciyar da mayunwaci, Ka saki wanda aka tsare bisa zalunci. Ka riƙe hannun azzalumi, in mai shiryuwa ne Ka shirye shi tun kafin ajalinsa. Ka zaunar da ƙasar annabawa lafiya bisa adalci. Mu kuma Ka raba mu da hakkin mutane, Ka sa mu cika da imani. Amin.